Tsakanin Dage da Ɗage

Ni mutum ne mai mantuwa, ga kuma jarabar gyara wa mutane baki. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa a wata sakandare a Minna, garin da rabin mutanensa ke cewa "kasa" suna nufin ƙasa, shi ya sa jan birona bai taɓa hutawa ba. Matata takan ce ko katin biki aka miƙo mini, sai na nemo kuskure kafin in duba ranar.

A layinmu na Barkin Sale akwai wani Banufe, mutumin Bida, magidanci mai 'ya'ya biyu, da ke zama a bayan shagon buga takardu da kwamfutarsa mai tsagaggen gilashi. Shi kaɗai yake haɗa manhajar waya, ba kamfani, ba ubangida. Tasa ta tsara ayyuka ce da Hausa: ka rubuta abin da za ka yi, lokaci ya yi waya ta yi ƙara ta tuna maka. Ya saka mini don in gwada, ni kuwa na mayar da bencinsa wurin hira bayan la'asar. In an ɗauke wuta sai ya rufe kwamfutar ya yi ta ƙorafi, wai mutane kan sauke manhajar, kwana uku su watsar. "Malam, mutanenmu ba su son a tuna musu," in ji shi.

Maɓalli biyu ke fitowa idan ta yi ƙara. Ɗaya "An gama". Ɗayan, mai tura aikin gaba, ya rubuta masa "Dage".

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Bawan Allah, ka san abin da ka rubuta kuwa? Ɗage, mai ƙugiya, shi ne a jinkirta. Dage kuwa, a tsaya tsayin daka a yi abu. Kana so in ajiye aiki, kana ce mini in dage!"

"Malam, ai duk daya ne a bakina. Kowa zai gane."

"A bakinka dai! Harshen mutane ba kayan wasanka ba ne."

Ban bar shi ya sha ruwa ba. Kullum na zauna sai na tsokane shi, har ya gaji ya gyara. Ranar da ƙugiyar ta fito na zaga ofishin malamai ina nuna wa kowa kamar an yi mini haihuwa.

Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a Beji. Da damunar nan ƙafafunta suka fara kumbura. Ta kira ni ta ce, "Auta, yaushe zan gan ka?" Nan take na rubuta a manhajar: Je duba Yaya a Beji, ranar Asabar.

Asabar ta zo, ga takardun jarrabawa jibge. Na danna Ɗage. Ta gaba aka kwana ana ruwa. Ta gaba sunan ɗan maƙwabci. Wata Asabar ɗin ma ba komai, ƙyuya ce kawai. Kuma wallahi dannawar da daɗi, sai in ji zuciyata sakayau kamar na yi wani abin kirki, tunda ai aikin na nan a rubuce. In Yaya ta kira in ce ina nan tafe, ita kuma ta ce Allah ya kawo ka lafiya. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba.

Wata Laraba ina cikin aji mijinta ya kira. Ko awa ɗaya ban yi a hanya ba na isa Beji. Na duba agogo a ƙofar gidan, na ji na tsani kaina. An riga an yi mata sutura.

Ranar Asabar muna zaune kan tabarma ana karɓar gaisuwa, wayar ta yi ƙara a aljihuna. Je duba Yaya a Beji. Ga ni kuwa a Bejin. In danna "An gama", na yi ƙarya. In danna ɗayan, zuwa yaushe? Na kife ta a kan tabarma.

Bayan addu'ar bakwai na koma bencin Banufen. Ya yi mini ta'aziyya. Na tambaye shi ko manhajar na riƙe sau nawa mutum ya ɗage aiki. Ya sosa ƙeya, ya ce tana riƙewa, ɓoyewa ya yi don kada mutane su ji kunya. Na ce ya nuna mini. Ya karɓi wayar ya ɗan latsa, ya miƙo mini yana kallon titi. Sau tara.

"Kawo in goge maka, Malam."

Na ce a'a, ya bar shi. Abu ɗaya na roƙe shi, ya cire mini ƙugiyar nan, ya mayar da maɓallin yadda ya rubuta shi da farko.

Ya dube ni ya ce, a hankali, "Malam, ai kai ka ce kuskure ne."

Har yau duk Asabar wayar na yin ƙara, ƙugiyata na nan daram a kan harafin, rubutu daidai ba kuskure.