Eko a Ɗakin Maza

Har gobe ba zan manta da ranar da muka turo na'urar eko, mai nuna hoton cikin jiki, daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin maza ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun tarar ana jan ta ko'ina kamar kujera. A lokacin kuwa, a Madarunfa, eko na masu ciki ne, duk wanda ya taɓa rako matarsa awo ya san haka.

Ni ne majo a ɗakin, wato shugaban ma'aikatan jinya. Ana cikin girbin gero aka kawo mana wani dattijo daga Gabi, Baba Nomau. Kututturen kara ne ya soke shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa, har cuta ta shiga jini. Jininsa ya faɗi ƙwarai, jijiyoyin hannu duk sun ɓuya, mun yi ta suka har muka ji kunya. Sai likita ya sa masa katetar, wani siririn bututu mai tsawo da ake zurawa ta babbar jijiyar da ke ƙasan wuya, bakinsa ya je ya tsaya daf da zuciya.

Ƙa'idar aikin ita ce ba a sakin maganin ɗaga jini sai an tabbatar da inda bakin ya tsaya. Bututu ba shi da ido, wani lokaci maimakon ya gangara sai ya haura wuya. Hoton ƙirji aka saba dubawa da shi, amma tsohon ba zai jure ɗauka zuwa ɗakin hoto ba. Likita ya ce a kawo eko.

Mai jinyarsa taubashinsa ne, Ɗan Ladi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tsoho mai tumbi da bakin da ba ya hutawa. Kun san wasan taubasai, ba ya sanin asibiti, ba ya sanin makabarta. Yana ganin ungozoma ta shigo da na'urar ya tafa hannu.

"Kai, Nomau! Ashe abin da kake ɓoye muna ke nan? Wata nawa ne? Bari in aika Gabi a hwara neman rago."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Baba Nomau, wanda tun safe ko ido ba ya iya buɗewa sosai, ya ɗaga hannu ya dafe bandejin da ke ƙirjinsa.

"Majo, ku hidda mini abin ga in tahi gida. In mutuwa ce, in mutu da girmana."

In ya fizge bututun, jini zai zuba, iska na iya shiga jijiya, kuma ba mu da wata hanyar ba shi magani. Na riƙe hannunsa, na yi masa bayanin zuciya da huhu, na rantse ana yi wa maza a Maraɗi. Ko kallona bai yi ba. Shi dai dandalin Gabi yake gani, da Ɗan Ladi zaune a tsakiya yana ba da labari.

Can ya ce, "Sai in wancan ya hwara kwantawa. In ya ba da labarina, in ba da nashi."

Na ɗauka Ɗan Ladi zai yi gardama. Ina! Kafin in juya ya haye gadon kusa, ya yaye riga, tumbi ya fito fili. Likita ya shafa masa mai, ya ɗora na'urar, ya murtuke fuska ya ce, "Baba, hura ce da wake, kuma suna cikin ƙoshin lafiya." Baba Nomau ya yi murmushi ya saki bandejin.

Yadda ake gwajin shi ne a ɗora na'urar a ƙasan ƙirji inda zuciya ke fitowa a allo, ni kuma in tura ruwan gishiri da aka kaɗa ya yi kumfa ta cikin bututun. In bakin yana daidai, nan take za ka ga farin kumfa ya cika gefen dama na zuciya. Na tura. Shiru, sai daga baya wani ɗan kumfa ya leƙo.

"Mi ke gudu cikin kunnena kamar ruwa?" in ji Baba Nomau.

Ni da likita muka dubi juna. Ya mai da na'urar wuya, ga bututun nan ya haura sama abinsa. Ya ja shi baya, ya gyara masa hanya, na sake turawa, kumfa ya cika zuciya fal. Ya duba huhu, lafiya lau. Sannan muka saki magani, kafin la'asar jini ya fara hawa.

Na fita wanke hannu na tarar da Ɗan Ladi a bayan ɗaki, ya jingina da bango, man ekon bai ma goge daga rigarsa ba. Na shirya in yi masa faɗa, don ya kusa jawo mana masifa. Sai na ga hawaye a gemunsa.

"Majo, shina tashi?"

Na ce da yardar Allah.

"Tun Gabi nike tsokanarshi bisa amalanke," ya ce. "In ya rama, na san da sauranshi. In na yi shiru, shi ma shiru zai yi."

Faɗan nan ban yi shi ba. Baba Nomau ya koma gida da ƙafarsa.

Abin da nake so ku riƙe, yara, kada ku taɓa sakin magani don kun ga bututu ya shiga lafiya, ku duba tukuna. Kuma in kun ga mai jinya ya cika ɗaki da surutu, kada ku yi saurin korarsa waje. Sau da yawa ya fi wanda ke kwance jin tsoro.