Ƙafar da Ba a Ɗaure Ba

A da ni ɗan kokawa ne. Daga Bagudo har Kaoje, in an gama yankan shinkafa aka fito da ganga, sai an tambayi inda nake. Ban yi karatu ba. Abin da na sani jikina ne, shi ma rabi kawuna ya koya mini.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Mahauci ne, kuma yana ɗori da tausa. Ran kasuwa in ya feɗe saniya, yakan kira ni kafin masu saye su taru. Sai ya bi cinyar da bakin wuƙa, yana raba tsoka da tsoka ba tare da ya yanke ko ɗaya ba.

"Diba nan," in ji shi. "Wagga babba ta gaba, ita ka miƙe gwiwa. Da ita kake tashi, da ita kake tura mutum." Sai ya juya cinyar. "Waɗanga na ciki kau daga matsematsi suka sauko. Aikinsu su riƙe ƙafa kusa da 'yar'uwarta. In babu su, duk wanda ya ja ka sai ka wage kamar kwaɗo. Taka ma haka take, kofato ne kawai ba ka da shi."

Shekarar da aka ce Turawa sun ba da mulki, mu da mutanen Dahome duka, aka shirya babbar kokawa a wani gari na bakin iyaka. Mu ba mu ga abin da ya sake ba. Kasuwa ɗaya muke ci da na tsallake, muna auren juna. Gwaninsu wani saurayi ne cikin Dandawa, dogo, mai dogayen hannuwa. Da shi aka haɗa ni. Shi ne kuma ke neman ɗiyar Kawu. Tana son sa, an karɓi gaisuwarsa, kowa ya sani.

Ana sauran 'yan makonni, ina sauke damin shinkafa daga kwalekwale, ƙafata ta hagu ta zame a laka. Ɗayar tana cikin jirgi. Na ji abu ya tsarge ni can sama, ta ciki. Na ɗauki damina na kai gida ban ɗingisa ba. Ɗan kokawa ba ya faɗin ciwonsa. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Kawu kaɗai na samu, a bayan rumfarsa.

Ya kwantar da ni a tabarma.

"Miƙe gwiwa."

Na miƙe. Ba komai.

Ya dunƙule hannu ya sa tsakanin gwiwoyina. "Matse."

Na matse, gumi ya karyo mini.

"Ta gaba lafiya lau take. Ta ciki ce ta tsage, kusa da ƙashi. Ba ta tsinke ba tukuna. Ka haƙura da bana, yaro."

"In ban fita ba, cewa za a yi tsoro na ji."

"Taurin kai irin na uwarka. To, shi ke nan."

Ya riƙa gasa mini wurin da ruwan zafi, yana murzawa da man kaɗe. Shi ne kuma ya kawo dabara. Ya ce ranar kokawa in ɗaure cinyar dama da tsumma, in rataya mata laya, in riƙa ɗan ja da ita baya. Duk mai ido zai ɗauka ita ce mai ciwon, ya kai mata hari, ya tarar da ita garau. Ta hagu kuwa in bar ta tsirara. Na yi dariya, na ce Kawu, ai kai ya kamata ka shiga fagen.

Da la'asar aka kira mu. Na shiga da tsummana, ina jin mutanensu suna nuna shi suna yi wa nasu ihu da Dandanci. Muka sunkuya, muka zaga juna. Na miƙa masa ta dama. Ko kallon ta bai yi ba. Ya nutsa ƙasa ya kama gwiwar hagu. Wanda ya kama ƙafa, ɗaga ta sama yake yi don ya tura ka baya, haka kowa ke yi. Shi bai ɗaga ba. Ya tokare ƙafata ta dama da tasa, ya ja ta hagu waje.

Na ji ƙarar tsagewar tsokar da kunnena. Sai ga ni a ƙasa.

An taɓa kayar da ni, kaye ba baƙo ba ne. Amma wannan karo na kasa tashi. Mutanensa suka zo za su ɗaga shi sama, ya ƙwace ya dawo ya durƙusa kusa da ni. Ya dafa kafaɗata. Hausarsa ba ta nuna sosai ba, amma na ji shi sarai.

"Wallahi, ɗan'uwa, ban nufi haka ba. Baba ya ce in ja kaɗan, za ka saki."

Ubansa ya daɗe da rasuwa. Mutum ɗaya yake kira Baba a lokacin.

A kan jaki aka mai da ni gida, a gicciye kamar buhu. Washegari cinyar ta yi baƙi har gwiwa. Mahaifiyata ta aika a kira ƙaninta, don babu wani mai ɗori kusa. Ya shigo da ƙoƙon man kaɗensa. Da ta fita ɗora ruwa, na ce masa:

"Kai ka gaya mishi."

Bai musa ba. Ya zauna yana naɗe hannun riga.

"Kai ɗan 'yar'uwata ne. Ka kayar, a kayar da kai, nawa ne kai. Shi baƙo ne. In ka jefar da shi gaban ɗiyata da danginshi, da wace fuska zai shigo gidana?"

"Sai ka ba shi ƙafata."

"Na ce ka haƙura da bana, ka ƙiya."

"Ka ce. Sannan ka ɗaura mini tsumma."

Ya jawo ƙoƙon man kaɗen kusa. Can ya ce, "Gyara kwanciya."

Na so in ce ya fita. Amma ina son in sake taka ƙasa, kuma duk yankin hannunsa kaɗai ya san inda naman nan yake. Na gyara kwanciya. Na juya fuskata bango, ya sa yatsa daidai wurin, bai ko lalube ba.

Haka ya yi ta zuwa har ruwan farko ya sauka. Ba ya magana, ba na yi. Aka ɗaura auren ina kwance, ina jin kiɗan daga ɗaki.

Na warke gwargwado. Ina tafiya, ina noma. Ta gaban tana nan da ƙarfinta, har yau ina tashi da kaya a kai. Ta cikin ce ta tattare ta bar rami, babban yatsa yana shiga. In na tsaya a kwalekwale, ƙafar sai ta nemi guduwa gefe. Ban sake shiga fage ba. In an buga gangar kokawa, gona nake tafiya.

Mahaifiyata har ta rasu tana sa wa Kawu albarka. Duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa, ba don ƙaninta ba da ɗanta ya gurgunce. Ban taɓa gyara mata maganar ba.