Wasiƙar Sallamar Lamba Goma

Shekarun baya, lokacin da gashin kaina bai gama miƙa wuya ga sanƙo ba, na taɓa riƙe muƙamin sakataren wata ƙungiyar ƙwallo a unguwar Madain Fahd. Ba don na iya ƙwallo aka ba ni ba. Ni malamin lissafi ne da kwantiragi ya kawo Jidda, kuma ranar farko da na shiga fili minti goma na yi aka fitar da ni cikin ladabi, kamar yadda ake tsallakar da tsoho titi. Sai dai an lura ba na rabuwa da biro, kuma ina iya rubuta wasiƙa da Larabcin littafi. Kyaftin ya dube ni ya ce, "Halas, shi ke nan, Ustaz, kai ne sakatare." Ban nema ba, ban kuma ƙi ba.

Ƙungiyar tamu haɗin gambiza ce. Akwai 'ya'yan Jidda, jikokin alhazan da suka zo suka zauna, masu jin Hausa sarai amma in sun buɗe baki Larabci ke fitowa. Akwai mu 'yan Najeriya sababbin zuwa, da 'yan Nijar biyu masu yi wa rafali tsiya da Faransanci don kada ya gane. Yawancin 'yan wasan a tashar jiragen ruwa suke aiki. Gasar unguwanni muke bugawa, kowace Juma'a bayan La'asar. To wannan lokaci na Juma'a na 'yan rukunin farko ne kaɗai. Wanda ya faɗa rukuni na biyu, wasansa safiyar Asabar ne, lokacin da mutanenmu suke bakin aiki. Ma'ana, in mun faɗi ba rukuni muka sauya ba, ƙungiyar ce ta mutu.

Gasar tana da dokoki biyu da ya kamata in bayyana. Ta farko suna kiranta saƙaf, wato rufi: duk alawus ɗin da ƙungiya za ta ba 'yan wasanta a kaka ɗaya yana da iyaka, ba a haura ta, don kada mai kuɗi ya sayo tsofaffin ƙwararru ya riƙa yi wa talakawa ruwan ƙwallaye. Ta biyu kuwa, duk wanda ya ji rauni a fili asusun gasa ne ke ɗaukar jinyarsa, muddin sunansa yana cikin jerin 'yan wasan ƙungiyarsa. Kowace a cikinsu doka ce mai kyau. Sai ranar da suka yi karo a kanmu na gane wanda ya rubuta ta farko bai zauna da wanda ya rubuta ta biyu ba.

Muna da ɗan lamba goma, haifaffen Jidda, siriri kamar sandar rake. Shi ke raba ƙwallo, kuma da harshe uku yake raba ta: ya daka wa wannan tsawa da Larabci, ya kira wancan da Hausa, ya jefa wa 'yan Nijar ɗan Faransancin da ya tsinta a bakinsu. Alawus ɗinsa ya fi na kowa, ba kuma wanda ya taɓa yin ƙorafi. Saura wasa uku a gama kaka, wani ɗan baya ya shigo masa ta gefe. Daga inda nake tsaye da littafina na ji ƙarar gwiwar. Aka yi masa aiki, likita ya ce sai an yi wata huɗu ana gashi.

Wasa uku, kuma maki huɗu muke buƙata mu tsira.

Uban ƙungiyarmu wani Alhaji ne mai shagon yadi a Bab Makka, shi ke ɗinka mana riguna. Kwana biyu da raunin ya kira ni shago, ya sa aka kawo shayi, ya nuna mini wani saurayi mai cinyoyi kamar turmi yana zaune a kan bandir ɗin shadda.

"Ka ga wannan, Ustaz? Ya buga wa babban kulob a gida. Juma'ar nan zai iya shiga fili."

Na ce, "Alhaji, rufin ya cika. Ko allura ba za ta shiga ba."

"To a buɗe mata wuri mana. Mai karyayyar gwiwa ƙwallo zai buga mana daga kan gado? Cire sunansa, alawus ɗinsa ya koma kan wannan."

"In an cire sunansa, asusu zai daina biyan jinyar."

"Ya shekh, ba ga ni ba? Zan duba lamarin."

Alhaji mutumin kirki ne, ban taɓa musun wannan ba. Amma alƙawarinsa kamar farashin yadinsa yake, in aka daɗe ana magana sauka yake yi.

Na koma gida na yi abin da na iya, wato lissafi. Na juya shi ta kowace fuska, amsa ɗaya take fitowa, irin ta Alhaji. Mutum ɗaya a gefe guda, mutum ashirin da Juma'arsu a ɗaya gefen. Sai na zauna na rubuta wasiƙar sallama zuwa ga kwamitin gasa. Ba yabon kai ba, wasiƙar ta yi kyau. Na gode masa bisa hidimarsa, na yi masa addu'ar samun sauƙi, na jera kalmomi masu taushi har mai karatu ba zai lura an yanka mutum ba sai ya kai layin ƙarshe. Abin da ya rage kawai sa hannunsa, don doka ta ce sai da yardar ɗan wasa.

Ranar Alhamis da na tashi daga makaranta na nufi gidansu, wasiƙar a ninke a aljihun gaban rigata. Na same shi a falo, ƙafar a miƙe kan matashi. Mahaifiyarsa, dattijuwa mai Hausar mutanen da, ta kawo shayi da na'ana'a da dabino, ta zauna daga bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa ya kalli ƙirjina ya yi murmushi. "Ustaz, aljihunka ya kumbura. Kawo in sa hannu. Ma'alesh, ba komai, na san dokar."

Mahaifiyar ta ce, "Takardar mece ce?"

"Ta ƙwallo ce, Ummi."

Sai ta juyo gare ni. "Malam, Allah ya saka wa ƙungiyar nan taku da alheri. Likita ya ce in aka fara gashin nan aka tsaya a tsakiya, ƙafar ba za ta miƙe daidai ba har abada. Na ce masa ba za a tsaya ba, yaron nan yana da mutane."

Na ɗaga kofin shayi na kai baki, ba don ƙishi ba, don in samu abin da zan ɓoye fuskata a bayansa. Shekara goma sha wani abu ina koya wa yara cewa lissafi ba ya ƙarya. Ban taɓa gaya musu cewa yakan yi shiru a kan wasu abubuwa ba.

Ya miƙo hannu. Na ce, "Ba takardarka ba ce." Kuma daga wannan daƙiƙar maganar ta zama gaskiya.

Da mahaifiyar ta tashi ta shiga ciki, na rage murya na ce, "To yanzu ka gaya mini, wa zai raba mana ƙwallo? Kyauta, don ko riyal ɗaya ba mu da wurin sa shi."

"Ammu," in ji shi, ko tunani bai yi ba.

Ammu shi ne dattijon ƙungiya, kowa haka yake kiransa, wato baffa. Ya haura arba'in da biyar, ba ya karɓar alawus, kuma ana sa shi ne minti goman ƙarshe in mun riga mun ci ko mun riga mun fid da rai. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Ka taɓa ganinsa a bakin aiki? Ni na gani. Shi ke ba mai winshi alama da hannu, injin nan da ke sauke kwantena daga jirgi. Yana tsaye wuri ɗaya, ba ya magana, kwantena mai girman ɗaki tana bin yatsansa. Ustaz, ba gudu kuka rasa ba, gudu kuna da shi har ya yi yawa. Mai gaya musu inda za su gudu kuka rasa."

Da na kai wa Alhaji labari sai ya ajiye ma'aunin yadi ya ce, "Ustaz, wai lissafi kake koyarwa ko waƙa?" Na ce masa sakatare ne ke miƙa wasiƙa, kuma wannan sakataren ba zai miƙa ba, in yana so ya nemo wani. Bai nemo wani ba, ina jin don ba wanda zai yarda ya karɓi aikin.

Ammu kuwa, da na kai masa maganar, cewa ya yi, "Ni? Ya Ustaz, gwiwata ta girmi rabin yaran nan." Da ya ga da gaske nake, ya kafa sharaɗi ɗaya: ba zai yi ihu ba, don Larabcinsa 'yan Najeriya ba sa kamawa da sauri, Hausarsa kuma dariya take ba su. Kowa ya dubi hannunsa kafin ya dubi ƙwallo. Tafin hannu ƙasa, a tsaya cak. Yatsa sama yana juyawa, ƙwallo za ta zo ta sama. Hannu a miƙe gefe, a buɗe ta can. Alamomin tasha ne tsaf, ba abin da ya ƙara.

Wasan farko aka ci mu biyu da nema. 'Yan kallo suka samu abin yi. Wani ya riƙa ihu, "Ku kawo wa Ammu kujera!" Wani ya ce ɗan sandan hanya muka sa a tsakiya. Amma ni da nake gefe da littafi na lura da wani abu: ma'aikatan tasha suna bin hannun kamar sun haddace, sauran kuwa, ma'aikacin jinyarmu da injiniya da direbobi biyu, suna tsaye suna kallonsa kamar ana yi musu bebanci. A nan ne karatuna ya yi rana. Na aro ƙaramin allo daga makaranta, na zana alamomin, na tara ƙarti huɗu a bayan raga na yi musu darasi, har da jarrabawa. Injiniyan ya faɗi a karon farko, kuma har yau bai yafe mini ba.

Wasa na biyu muka yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Maki ɗaya. Saura uku, wato wasan ƙarshe ci ne kawai zai fisshe mu.

Ranar aka kawo ɗan lamba goma a mota, ya zauna gefena da sandunansa. Alhaji ma ya zo, ya tsaya nesa da ni yadda kowa zai san ba ruwansa. Aka je hutu ba ci, aka dawo ba ci. Iskar teku ta tsaya, zafi ya sauko, Ammu yana tafiya a tsakiyar fili kamar mai neman makullin da ya yar. Rana ta yi ja, na daina duba agogo don ba ya gaya mini abin da nake so.

Muna da ɗan gaba, ɗaya daga cikin 'yan Nijar ɗin nan, mai gudun tsiya, wanda rabin rayuwarsa a satar gida ya yi ta. Ƙwallo ta zo wa Ammu, ya taka ta. Ɗan gaban ya zabura kamar kullum, 'yan bayansu suka matso gaba tare don su bar shi a satar gida. Sai Ammu ya kifa tafin hannu. Mutumin nan da koci uku suka kasa tsayar da shi ya ja birki cak, don a wurin aikinsu wanda bai tsaya ga wannan hannun ba, asibiti yake kwana. 'Yan bayan suka tsaya su ma, suna kallon juna. Yatsa ya tashi sama ya juya sau ɗaya. Ƙwallo ta bi ta kan kawunansu a hankali, ta sauka a gabansa kamar an ajiye ta da winshi.

Ban ga shigarta raga ba, gaskiya. Sandar ɗan lamba goma ce ta bugi ƙafata lokacin da ya manta da gwiwarsa ya nemi miƙewa, na rungume shi don kada wata huɗu ta koma takwas. Da aka busa tashi, Alhaji ya ratso jama'a ya kama hannun Ammu ya ɗaga sama yana cewa, "Ban gaya muku ba? Tun farko na ce a sa dattijon nan!" Ba wanda ya musa masa. Rigunan kaka mai zuwa suna hannunsa.

An gama gashin har ƙarshe. Yaron ya dawo fili bayan shekara, ya karɓi lambarsa, Ammu ya koma minti gomansa. Na bar sakatarancin da daɗewa, amma in na ga Juma'a ta yi La'asar nakan leƙa, in same su suna nan, da sababbin fuskoki da tsohuwar hayaniya.

Ba na so in mai da kaina gwarzo a labarin nan. Dabarar ta ɗan lamba goma ce, ƙwallon ta Ammu ce, kuma da an ci mu a ranar, da yanzu ana ba da labarina a Madain Fahd a matsayin malamin da ya kashe ƙungiya saboda kofin shayi ɗaya. Na san da haka. Abin da yake nawa kaɗai shi ne 'yan daƙiƙun nan a falo, da hannun da ban kai aljihu ba.

Wasiƙar tana nan a cikin jakar da nake ajiye iƙama, wato katin izinin zama, da takardun kwantiragi. Duk lokacin sabunta takardu sai na ci karo da ita, in buɗe in karanta. Har yanzu ita ce Larabci mafi kyau da na taɓa rubutawa, kuma wurin sa hannun yana nan fari fes.