Ranar da Baba Mai Faci Ya Zauna a Kan Akwatinsa

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai Faci ya yi yana gyaran keke a gindin mangwaron da ke kusurwar filin unguwa. Kayan aikinsa duka a akwatin katako ɗaya suke: sifana shida, famfo, gwangwanin gam, da kwanon da yake tsoma tib a ciki don ya ga inda iska ke fita. A da, malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya kan jera masa kekuna tun ƙarfe bakwai, kowa ya ɗaure bakin wandonsa tsaf. Babur ya zo ya kwashe su, aka bar shi da masu tallan burodi da 'yan tsofaffi irinsa.

Bai taɓa mallakar takardar izinin zama a wurin ba, kuma yana alfahari da haka. Dabararsa ɗaya ce. Da ya hango mutum da littafi a hannu da biro a aljihu, sai ya zubar da ruwan kwano, ya tura kekuna bayan katanga, ya rufe akwati ya zauna a kai, ya miƙe ƙafa. Sau uku hukuma ta kori masu sana'a daga bakin filin, sau uku yana zaune yana kallo.

Wata Talata sai ga wata matashiya da littafi, da wani mai ɗaukar hoto a bayanta. Kafin su ƙaraso Baba ya gama shirinsa. Masu wankin da ke shanya a wurin kuwa ba su da hanyar ɓuya, domin zannuwan gado sun rufe rabin ciyawar filin. Suka yi ta cacar baki, aka rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Da baƙin suka tafi, Baba ya ce wa shugaban masu wankin, wanda ake kira Dogo, "To, kun shiga littafi. Allah ya fitar da ku lafiya."

Dogo ya ce, "Mu ai ba ƙadangaru ba ne da za mu laɓe a jikin itace."

Bayan wata biyu hukumar tsara birni ta liƙa sanarwa: za a mai da filin wurin wasan keke, da hanya mai zagaye, da shinge, da 'yan rumfuna. Unguwa ta rabu biyu. Masu wanki suka ce ina za su yi shanya, mata suka ce shingen zai toshe musu gajeriyar hanya zuwa kasuwa. Baba shi ne kan gaba wajen goyon baya. Gida-gida ya bi yana neman sa hannu, yana cewa keke ya dawo, a yi masa maraba. Shi da Dogo, da suka yi shekara talatin suna cin abincin rana tare, suka daina gaisawa.

Ranar taro a zauren makarantar firamare, Baba ya saka farar rigarsa ya zauna a bencin gaba. Matashiyar nan ce ta tashi ta ce rumfunan na waɗanda aka tarar suna sana'a a filin ne. Ta karanta suna goma sha ɗaya. Dogo na farko, mai shayi na ƙarshe. Ta rufe littafi.

Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. "'Yata, kin tsallake ɗaya. Mai gyaran keke."

"Babu mai gyaran keke a filin, Baba. Shi ya sa muka ba wani shago daga cikin gari rumfar gyara. Kusurwar mangwaron ma a nan ƙofa za ta tsaya, tunda fili ne da babu kowa."

Ta zaro hoto ta miƙa masa. Ga shi nan zaune, ƙafa a miƙe, hula ta gangaro goshi.

"Ba kai ne wannan ba? Na tambaye ka ko a nan kake aiki. Ga amsarka na rubuta: shan iska nake."

Dogo ne ya miƙe daga baya. "Haba, hajiya. Wannan tsohon ya girmi katangar filin. Duk mun shaida, har mu da muke faɗa da shi."

"Yana da wata takarda? Ko ta wace shekara?"

Ba shi da ko ɗaya. Ta ce an riga an sa hannu a taswira, ba ta da ikon taɓa ta.

Sau huɗu Baba ya je ofishin hukumar da wasiƙar da surukinsa ya rubuta masa, sau huɗu aka karɓa aka buga mata hatimi. Ranar da aka kawo injin yankan itace don sare mangwaron, Baba yana tsaye a tsallaken titi, Dogo na riƙe da gwiwar hannunsa. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Har durƙusawa ta yi ta gaishe ni, Dogo. Sau biyu ta tambaye ni."