Idon da Na Kafa a Tsakar Gidanmu

A jikin ƙofar gidanmu a Madarumfa akwai rubutu da farin fenti: BA SHIGA. Baba ne ya rubuta da hannunsa, a karkace. Duk namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Ko mai kawo ruwa sai ya yi sallama, ya jira mata su yafa mayafi, sannan ya shigo kansa a sunkuye. A haka na girma, kuma ni ne na buɗe gidan nan ga mutanen da har yau ban san adadinsu ba.

Baba ya rasu ana cikin girbin gero. Bayan sadakar bakwai kowa ya watse. Yayata ta koma gidan mijinta a Safo, ni kuma aiki yana jirana a Yamai, inda nake rubuta manhajoji. Inna ta shiga takaba, ga hawan jini, ba kowa tare da ita sai wata maƙwabciya da ke leƙowa. Tsoro ya kama ni kada ta faɗi ba wanda ya sani. Sai na sayo kamara mai ɗaukar hoto da sauti, na kafa ta a katangar madafa, na haɗa ta da allon hasken rana da ɗan akwatin intanet.

"Mi ne ne wannan kuma?" in ji Inna.

"Idona ne, Inna. Ni kaɗai ke gani."

"Kai kaɗai?"

"Wallahi ni kaɗai."

"To, in kai ne ba komi. Ai ni na haihe ka."

Kamfanin da ya ƙera kamarar yana ba masu irin sana'ata hanyar shiga na'urar daga nesa. Sai ya ba ka makulli, wato wani dogon layi na haruffa da lambobi, kuma duk wanda ya riƙe layin nan ya riƙe kamarar. Na rubuta ƴar manhaja da za ta turo mini saƙo idan hantsi ya yi ba a ga motsi a tsakar gida ba. Ta ƙi aiki. Kwana uku ina fama, har na gaji na kwafe aikin duka na zuba a wani rukuni na masu sana'armu, mutane barjak, na ce a duba mini. Kafin la'asar an gyara. Makullin kuwa yana ciki, a layi na huɗu, kowa na gani. Ni da nake yi wa sababbin ma'aikata tsawa a kan irin wannan sakaci! Na lura, na goge saƙon, na ce wa raina wa zai damu da tsohuwa da kajinta. Canza makulli aikin minti biyu ne, amma ban yi ba.

Abin da ban sani ba sai da kamara ta nuna mini shi ne, kullum da safe in Inna ta gama shara sai ta shimfiɗa buzun Baba a gindin bishiyar bedi, ta zauna gefe da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta kama yi masa magana.

"Ka tahi ka bar ni da ƙohwar rumbu a karye. Shekara nawa ina hwaɗa maka? Kullum gobe, gobe. To ga goben nan."

Takan ba shi labarin akuya, ta yi masa mita, ta yi dariya, wani lokaci ta share ido da bakin zane. Sau biyu na kalla, kunya ta hana ni na uku. Na koma dogara da saƙon safe kawai, har ina yabon kaina cewa ni ɗa ne mai ladabi.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa sababbin kaya, ta tafi bakin tafki sayen kifi. Wata mai sayar da tarwaɗa ta gan ta, ta bushe da dariya.

"Inna, an gyara ƙohwar rumbun?"

Matar ba ta yi da mugunta ba. Ta ciro waya ta nuna mata. Ga Inna nan a gindin bedi, kai a buɗe, an yanko maganarta an ɗora mata kiɗa da sautin dariya. Ashe ya daɗe yana yawo, har direbobi masu ƙetare iyaka suna tsokanar juna da "to ga goben nan". Inna ta dawo gida ba kifi. Yayata ce ta kira ni, kuma abin da ta faɗa mini na cancanci fiye da shi.

Washegari na kama hanya. Na tarar da Inna a ɗaka, da hijabi har ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Su nawa sunka gani?"

Na buɗe kwamfuta na duba jerin waɗanda suka shiga da makullin. Ba suna ko ɗaya, sai lambobi, wasu daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba.

"Ban sani ba, Inna."

"Akwai maza?"

Na rufe kwamfutar.

Na rubuta wa kamfanin. Amsarsu mai ladabi ce: duk wanda ya zo da makulli, mai gida ne a wurinsu, kuma abin da aka riga aka kwashe ba ya hannunsu. Na canza makullin, ya ɗauke ni minti biyun nan. Na cire kamarar na farfasa ta da taɓarya a gaban Inna, don ta ga na yi wani abu. Ta dubi ɓaraguzan.

"Na cikin wayoyinsu hwa?"

Shekara biyu ke nan. Na gyara ƙofar rumbun. Buzun Baba yana naɗe a ƙarƙashin gado. Da hijabi take shara, da hijabi take dahuwa, ko da zafin bazara, kuma ba ta sake taka bakin tafki ba. Yayata ta ce ba ta ƙara jin ta ambaci Baba ba, sai a addu'a, shi ma a ciki-ciki. Wata huɗu kacal ta samu tana hira da mijinta, na raba su karo na biyu. Ina jin haushin wanda ya yanka bidiyon, amma ban san fuskarsa ba, tawa kuwa kullum ina ganinta.

Zuwana na ƙarshe na tsaya a zaure na yi sallama, kamar baƙo. Sai a ta uku ta amsa daga ciki.

"Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Inna."

Ta fito, ta kalli aljihuna. Na ciro wayar na kashe, na ajiye ta a kan dakalin zaure. Muka shiga, ta kawo mini fura, ta zauna nesa da bedi. Na roƙe ta ta cire hijabin ta sha iska, na ce mata ba mai ji, ba mai gani.

"Haka ka ce wancan karon," in ji ta.