Hular da Baba Ya Ce in Ƙone

Mahaifina ya yi shekaru yana ba mutane dariya a gidan talabijin na Sakkwato, tun lokacin da hoton yake baƙi da fari. A matsayin dillalin shanu yake fitowa, irin wanda bai taɓa ba da amsa kai tsaye ba. In aka tambaye shi farashin bijimi, ko inda ya shiga tun safe, sai ya cire hularsa, wata doguwar jar dara da ta yi masa yawa, ya leƙa cikinta kamar an rubuta masa amsar a can ƙasa. Ya daɗe yana leƙe, har mai kallo ya fara jin haushi, sannan ya ɗago da fuska a murtuke ya faɗi wani shirme. Iyakar abin ke nan fa, amma mutane har faɗowa suke yi daga kan benci.

Ya sha gaya mini cewa wajen Turawa ya sato wannan jiran. A lokacin gidan talabijin ɗin kan saka wasannin barkwanci na Ingila kafin nasu, shi kuwa Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Sai ya zauna ya zuba wa bakinsu ido. Akwai wani gajere mai saje da ya fi so. Wai shi ne ya koya masa cewa dariya ba a cikin maganar take ba, a cikin shirun da ke gabanta take.

Ba wanda ya kori Baba daga aiki, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Sababbin shugabanni suka zo, finafinan kaset suka cika kasuwa da samari masu gyaran gashi, sai kawai aka daina aiko masa. Ya jira wata uku, ya jira shida, sannan ya kwashe mu muka dawo gida Zagga. Ya kama noman shinkafa a fadama, da rani kuma albasa. Yaran garin da suka taso bayan nan ba su san shi da komai ba sai tsoho mai sayar da irin albasa, wanda ba ya son a taka masa kwamin shuka a gona. A gida ma ba ya tayar da zancen. In wani baƙo ya ce kamar ya san fuskar, sai Baba ya ce fuskoki ai suna kama.

Ni malamar firamare ce a Bagudo, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kira na Uwata. Duk hutu a Zagga nake yin sa. A wani hutun, ranar Alhamis da hantsi, yana zaune ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida yana gyara igiyar jaki, ya ce mini:

"Uwata, wanga abu naku da kuka cewa ya san komi, shina iya hiddo min Baturen nan mai saje?"

Na sha wahala kafin in same shi a wayata, don Baba bai riƙe sunansa ba, sai kwatance. Da na samu, na so a ce ban samu ba. Wata jarida ce ta ɗauke shi a bakin kanti, ya tsufa tukuf, sanda a hannu ɗaya, leda a ɗayan, mutane suna wucewa ta gefensa ba mai waiwaye. A ƙasan hoton an rubuta cewa yanzu da wuya a gane shi a titi. Ni da bakina da ba ya riƙe magana, na fassara wa Baba wannan layin ma.

Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Shi da duniya duka tas san shi ke nan," ya ce. "To ni hwa? Tashi ki ɗauko akwatin nan na ƙarƙashin gado, ki kai bayan rumbu ki ƙone shi. Ba ni son in mutu jikokina su buɗe su iske kakansu wawa ne."

Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce ba shawara ya nema ba. Inna, mahaifiyata, tana bakin murhu tana jin mu, ta yi mini alama da ido in bi shi a hankali.

Na ja akwatin zuwa bayan rumbu, na buɗe. Warin kafur ya buge ni. Jar hular tana sama a naɗe cikin tsohon zanen Inna, ƙarƙashinta hotuna. Na ɗauko ɗaya: Baba yana saurayi, hula a hannu, yana leƙa cikinta, abokan wasansa a baya suna danne dariya. Na zauna a ƙasa na yi kuka na ƙoshi. Haushinsa nake ji, da na Baturen, da na duk wanda ya taɓa dariya ya manta. Na ɗauki hoton da wayata na ɗora a shafina na sada zumunta, ban rubuta ko harafi ɗaya ba, don ban san me zan ce ba. Sannan na tara kara da tsummoki na cinna musu wuta domin ya ga hayaƙi, akwatin kuma na tura shi cikin rumbu bayan buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba.

Wautar da na tafka ita ce ɗora hoton nan. Duk wanda ya san mutanenmu ya san in mace ta ɗora tsohon hoton ubanta, baƙi da fari, ba bayani, to magana ɗaya ce. Kafin la'asar wani ya kwafe hoton ya rubuta addu'ar mamaci a kai. Ni kuwa cajin wayata ya ƙare, garin ba wuta, ban san wainar da ake toyawa ba.

Da safiyar Juma'a wani Inyamuri mai shagon kayan babur a Bagudo ya faka a ƙofar gidanmu, ya cire takalmi, ya shigo zaure da fuskar jimami. Shekararsa talatin a garin, kuma ashe da wasannin Baba ya gyara Hausarsa. Yana cikin yi wa maƙwabcinmu gaisuwa sai ga Baba ya dawo daga fadama da fartanya a kafaɗa. Bawan Allah ya miƙe zumbur, ya kira sunan Yesu, ya nemi ƙofa bai ganta ba. Maƙwabta suka yi ta dariya. Baba bai yi ba. Da ya gane daga ina labarin ya fito, ya dube ni kallo ɗaya, ya ce:

"Na ce ki ƙone akwati, ke kuma kin kashe ni gaba ɗai."

Ya shige ɗakinsa ya turo ƙyaure. Ko masallacin Juma'a ta ƙofar baya ya bi. Na kai waya caji wurin mai janareto, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa mahaifina yana nan da ransa da lafiyarsa. Mutum tara ne suka ga gyaran. Labarin mutuwar kuwa tuni ya ƙetare iyaka.

Ranar Asabar, wadda a lissafinsu ita ce sadakar uku, motoci biyu masu lambar ƙasar Binin suka tsaya a ƙofar gida, sun yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Daga Sagbana suka taso, suka biyo ta Tsamiya. Maza da mata ne, yawancinsu tsofaffi, sun fi ashirin, da buhun shinkafa da jarkar manja da ƙullin goro. Ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba, Baba ma bai taɓa taka garinsu ba. Ashe tun zamanin kaset fatake suke kwafar wasanninsa suna ƙetarawa da su, ana nunawa a rumfunan kallo ranar kasuwa. Shekara da shekaru yana noman albasa yana zaton an manta da shi, alhali can hayin iyaka har yau in mutum ya ƙi ba da amsa ce masa ake ya duba hularsa.

Maƙwabta suka shimfiɗa musu tabarmi, suka yi musu bayani cewa kuskure ne, mutumin yana ciki. Aka yi ta salati da hamdala. Amma ba wanda ya tashi. Wata tsohuwa, ƙarama kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya, wadda Hausarta ke da gargadar Dandanci, yaren mutanen can, ta ce ita ba ta sha wannan hanya don ta ji labari ba. In yana da rai a nuna mata shi.

Na je ƙofar ɗakin Baba na durƙusa, na gaya masa. Daga ciki ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Wanda sunka zo nema ya daɗe da tahiya, Uwata. Mi za ni gwada musu? Haƙora huɗu da rawar hannu? Bari su koma da wancan na cikin kaset, ya hi kyau."

Sai a lokacin na gane ba fushi ne ya kulle shi a ɗaki ba, tsoro ne. Yana tsoron ya fito su dube shi yadda mutanen bakin kanti suka dubi Baturen nan. Ni ma sai tsoron ya kama ni, don in haka ta faru ni na jawo, kuma na san ba zai sake ɗaga kai a garin ba.

Ban ji zuwan tsohuwar ba, sai ganin ta na yi ta zauna kusa da ni a dokin ƙofa, ta miƙe ƙafafu. Ba ta roƙe shi ba. Labari ta shiga ba ƙyauren. Ta ce shekarar da ɗanta na fari ya nutse a kogi, ta yi wata goma sha ɗaya ba ta yi dariya ba, har mutane suka fara cewa ta taɓu. Wata ranar kasuwa ƙanwarta ta ja ta da ƙarfi zuwa rumfar kallo. Ta zauna tana kallon ƙasa. Sai ta ji rumfar ta yi tsit, ta ɗago don ta ga abin da ya faru, ta ga wani mutum yana leƙa cikin hula. Ta ce ba ta ma ji abin da ya faɗa ba, ita dai ta ji dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta koma kuka, daga ranar ta fara cin abinci.

"Na zo in yi maka addu'a a bakin kabari," ta ce. "Allah ya rage mini wahala. To buɗe in yi maka godiya ido da ido, Malam, ni ma haƙorana biyu."

Inna ta saki muciya ta tsaya. Can sai muka ji ya yi gyaran murya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Akwatin nan, kin ƙone shi?"

"Ban ƙone ba."

"Na sani. Hayaƙin tsumma daban yake da na hula. Je ki ɗauko."

Na ruga rumbu har ina tuntuɓe, na dawo da ita a naɗe cikin zanen. Ya zuro hannu ta gefen ƙyaure ya karɓa. Da ya fito, sanye da tsohuwar rigarsa ta zuwa gona, hular ta zurma masa har kunne fiye da da, don kan ya ƙanƙance. Ya bi ta zaure a hankali, ni da Inna da tsohuwar muna biye.

Ƙofar gida ta cika, don rabin Zagga sun taru kallon baƙi. Ya tsaya a gaban tabarmi. Ba wanda ya yi motsi. Na ga idanunsu suna neman saurayin cikin kaset a fuskar tsohon nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wani dattijo mai farin gemu daga cikin baƙin ya ɗaga murya, da ladabi ƙwarai, ya ce:

"Malam, mu dai an ce muna ka rasu."

Baba ya dube shi. Ya ɗaga hannun nan mai rawa, ya cire hular, ya leƙa ciki. Ya yi ta leƙe. Wata akuya ta yi kuka a bayan gida, bai ɗago ba. Ya karkata hular wajen haske, ya ƙara leƙawa. Na ga kafaɗun dattijon sun fara girgiza, wata mata ta toshe baki da mayafi. Sai da ya ja ran kowa har wuya, sannan ya ɗago da fuskar nan a murtuke.

"Nan dai ba a rubuta ba," ya ce. "Amma ku aje shinkahwar, ba a sani ba."

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a Zagga ba. Tsofaffi suka kwanta a kan tabarmi suna riƙe ciki. Limamin unguwarmu, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya dafa bango yana share hawaye da rawani. Samarin garin da suka san shi da irin albasa kawai suka saki baki, sannan suka ciro wayoyi. Tsohuwar ta rangaɗa guɗa da ɗan abin da ya rage mata na murya, Inna ta karɓa. Ni kuwa ina tsaye ina dariya ina kuka, alfahari ya cika ni.

Shinkafar sadakar uku a ranar aka dafa ta, da manjan da komai, gari ya ci. Baba ya zauna a tsakiyar baƙinsa har la'asar, suna tuna masa wasannin da shi kansa ya manta, yana gyara musu inda suka ƙara gishiri. Da za su tafi ya raka su har bakin mota, hular tana kansa.

Tun daga ranar ba ta koma akwati ba. A ƙusa take rataye a zaure, inda duk mai shigowa zai gani, kuma jikokinsa sun san ko ta wace ce. Bai taɓa ce mini na kyauta ba, ba halinsa ba ne. Amma da yammacin ranar, bayan an naɗe tabarmi, ya ce in sake fito masa da hoton Baturen. Ya dube shi a bakin kantinsa da ledarsa, ya girgiza kai cikin tausayi, ya miƙo mini wayar ba tare da ya kalle ni ba.

"Bawan Allah," ya ce. "Shi bai samu ɗiya mai kunnen ƙashi ba."