Lambar da ke Jikin Bangon Asibiti

Ina kan keken ɗinki a rumfarmu ta Wadata, ina kalmasa bakin zanen wata mata, sai na ga mai farmasin unguwarmu tsaye a ƙofa. Ba ta taɓa zuwa wurina a kasuwa ba. Kulob ɗaya suke da maigidana, na taimakon jama'a, iyakar sanayyarmu ke nan. Ta cire takalmi, abin da ba wanda yake yi a rumfar, ta zauna kusa da ni, ta ce in ajiye almakashi. Sannan ta ce an sami maigidana a Gaweye, ya tsayar da taksinsa a gefen hanya kafin kadarko, ya kifa kai a kan sitiyari. Ba fasinja a ciki. Abin da na fara tambaya shi ne ko ya kashe motar. Ta ce ya kashe.

Bayan an kai shi makwancinsa, aka kawo mini hularsa da makullai da salularsa cikin baƙar leda.

'Yan kulob ɗin yawancinsu malaman lakkol ne masu koyar da boko, da ma'aikata da manyan 'yan kasuwa. Ranar Asabar suke haɗuwa su yi karo-karo. Sukan kai shinkafa gidan marayu, su saya wa makafi sanduna, in ruwa ya ci gidajen bakin kogi su kai tabarmi da gidan sauro. Lokacin da maigidana ya shiga na yi masa tsiya, na ce mai neman na cefane me zai yi cikin masu takalmi sau-ciki.

"Su aljihu gare su," ya ce, "ni taya huɗu da jijiya."

Aikin jini aka ba shi. Kulob ya sa aka rubuta lambarsa da jan fenti a bangon wani asibiti, kusa da ɗakin da ake ɗibar jini. In an rasa irin jinin majinyaci, danginsa su kira, shi kuma ya je ya ɗauko mai irin jinin a taksi. In an gama ya kawo shi gidanmu, in soya masa hanta, in kwaɗa zogale. Da haka na san su. Na san masu jinin da ke wuyar samu, don su ne suka fi cin hantata: wani tela a Zongo, wani mushe, wato malamin lakkol, ɗan Tahoua, da wani ɗalibin jami'a mai yawan kunya.

Ban yi tunanin bangon ba sai da wayar ta yi ƙara, masu zaman makoki ba su gama watsewa ba. Na ɗauka. Wata ce take neman jini don ɗanta. Na ce mai wayar ya rasu. Ta yi salati, ta yi mini gaisuwa da sauri. Na ji tana son ta tambayi wa za ta kira, kunya ta hana ta. Na ba ta lambar mai farmasi.

Haka aka yi ta yi ina cikin takaba. Wani mako sau ɗaya, wani mako kullum. Na gaji da faɗin ya rasu. Kowane kira sai in sake ba da labarin ga wanda bai san shi ba, wanda kuma nasa tashin hankalin ya ishe shi.

Farzidan, wato shugaban kulob, ya zo da mutum biyu, da buhun shinkafa da galan na mai. Na san irin buhun, maigidana ya sha ɗaukarsa a bayan taksi zuwa gidajen waɗanda mazajensu suka mutu. Na yi godiya. Farzidan ya ce sun ji ana damuna da kira, za su shafe lambar su rubuta wata da zarar sun sami wanda zai karɓi aikin, amma kowa yana da ofis ko kanti, ba mai iya barin wurinsa da tsakar rana. Ya ce kafin nan in na yarda in ba su wayar. Na ce to, sai an kwana biyu. Bai matsa ba.

Wata rana bayan azahar wani mutum ya kira. Zabarmanci ya fara, da ya ji ba na ganewa sosai sai ya koma Hausa, tana karye masa. Matarsa ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa, irin nata kuma ya ƙare. Ya karanto mini irin jinin daga takardar likita. Na mutum ukun nan ne. Na buɗe baki zan ce ya rasu, sai ya riga ni.

"Yaya, don Allah ki ba shi wayar. Ita kaɗai gare ni."

Na ce ya jira, za a zo.

Tela ya ce bai daɗe da bayarwa ba, ko ya je ba za su ɗiba ba. Mushe yana Tahoua hutu. Wayar ɗalibin a kashe. Mai farmasi ta ce za ta nema, ina jin hayaniyar masu sayen magani a bayanta. Na zauna a tabarma da waya a cinya, ba halin fita, ba mota, an riga an mayar da taksin ga mai shi. Mutumin ya sake kira, na ce ana hanya, alhali ba wanda ya tashi tukuna.

Sai bayan la'asar ɗalibin ya fito daga aji ya ga kirana. Ya ce ga shi nan tafe. Daga tsallaken kogi yake, mai taksin da ya samu kuwa sai da ya sauke wannan ya ɗauki wancan. Da maigidana ne, kai tsaye za su wuce. Ya isa, aka ɗibi jinin. Ya duba bakin ɗakin haihuwa bai gane mutumin ba, maza da yawa ne a zaune, kowa kansa a ƙasa. Daga nan ya biyo gidanmu kamar yadda ya saba, ya tsaya a zaure yana jin nauyin shigowa. Ba hanta ranar. Fura na dama masa.

Mutumin bai sake kira ba. Mai farmasi ta ce haka mutane suke, in an sami sauƙi sukan manta, in an rasa ma ba sa kira. Ta ce kada in sa abin a raina.

Na fita takaba, na koma kan keke. An sami wani mai moto, wato babur, ya karɓi aikin, amma ba a kai ga sayen fenti ba, don haka wayar tana cikin jakata, in ta yi ƙara in tura masa. Lambar mutumin nan mai Zabarmanci tana ciki. Har yau ban kira na tambaye shi matarsa ba.